Yadda Alƙalai Ke Ba da Maki a Gasar Rawar Bale ta Yara: Tambayoyin Iyayen Legas da Amsoshinsu

Makarantun kuɗi da dama a Legas sun saka rawar bale cikin darussan bayan tashi, kuma 'ya'yan Hausawan Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da ɓangaren Ojo na cikin masu zuwa. Muddin abin yana cikin aji, iyaye ba su cika tambaya ba. Ranar da malama ta aiko da takarda cewa za a shiga gasa, ran nan tambayoyi ke ɓarkewa, kuma kusan iri ɗaya ne daga wannan gida zuwa wancan. Su ne aka tattara a nan.

Wai me ake yi a gasar bale? Kowa ne zai fito ya taka abin da ya iya?

A'a. Bale rawa ce mai ƙa'ida, ko yatsa ba a motsawa da ka. A fadojin Italiya ta faro, sannan ta zauna da gindinta a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Shi ya sa har gobe da Faransanci ake kiran sunayen takunta, ko a Mosko ne ko a Surulere.

A gasa, yaro kan fito shi kaɗai ya yi gajeriyar rawa ta minti ɗaya zuwa biyu da 'yan kai, wadda aka yanko daga tsoffin wasannin bale masu tsawo. Yawancinsu aikin Marius Petipa ne, Bafaranshen da ya shafe rayuwarsa yana tsara rawa a Rasha: Don Quixote na 1869, La Bayadère na 1877, Sleeping Beauty na 1890, Raymonda na 1898. Gasa ce ke fitar da jerin waɗanda aka yarda a zaɓa daga ciki. Ma'anar wannan ita ce alƙali ya san kowane taku tun kafin yaro ya ɗaga ƙafa, domin shi ma ya taka shi a zamaninsa, kuma ya kalle shi sau ba adadi. Ban da wannan akwai rawar zamani, wadda galibi ba takalmi ake yin ta, sannan a wasu gasannin akwai aji da ake yi a gaban alƙalai.

Waɗanne gasanni ne ake ji da su, kuma daga shekara nawa ake shiga?

Ta yara zalla wadda ta fi kowace nauyi ita ce Prix de Lausanne, a birnin Lozan na ƙasar Siwizalan. An fara ta a 1973, ana yin ta wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, kuma 'yan shekara 15 zuwa 18 kaɗai take karɓa. Ɗaruruwa ke aika bidiyo, a zaɓi kimanin 80, a tace su zuwa kimanin 20 na zagayen ƙarshe. Wadda ta fi yawan jama'a kuwa ita ce Youth America Grand Prix, wadda wasu miji da mata, Larissa da Gennadi Saveliev, tsoffin 'yan rawar Bolshoi, babban kamfanin bale na Mosko, suka kafa a Amurka a 1999. Ita tun daga shekara 9 take ɗauka, a rukuni uku: 9 zuwa 11, 12 zuwa 14, sai 15 zuwa sama.

Akwai ta Royal Academy of Dance ta Ingila, wadda aka fara a 1931 da sunan Genée, yanzu kuma tana ɗauke da sunan Margot Fonteyn, shahararriyar 'yar bale ta Ingila. Ita sai wanda ya ci jarrabawar manyan matakan makarantar ke shiga. Ta Varna a Bulgeriya, ta 1964, da ta Jackson a Amurka, ta 1979, sun fi karkata ga waɗanda suka kusa zama ƙwararru ko suka riga suka zama. A nahiyarmu akwai ta Afirka ta Kudu da Dirk Badenhorst ya fara a 2008. Mafi yawan yaranmu dai da ƙananan gasannin cikin gari za su fara, kuma ma'aunin da za a bayyana a ƙasa shi ne ya kamata ko wace gasa ta gaskiya ta bi.

Su wane ne alƙalan, kuma yaya suke raba makin?

Tsoffin 'yan rawa ne, da shugabannin makarantu da na kamfanonin bale. Misali, Carlos Acosta ɗan ƙasar Kuba ya ci lambar zinare a Lozan a 1990, ya dawo a 2019 a matsayin shugaban alƙalai. Kowane alƙali yana rubuta makinsa shi kaɗai ba tare da leƙen na kusa da shi ba, daga baya a haɗa. Wasu gasannin kan jefar da maki mafi sama da mafi ƙasa domin kada son ran mutum ɗaya ya rinjayi sakamako.

Rabon ya bambanta. A Youth America Grand Prix, wadda za mu riƙa kira gasar Amurka, alƙali kan auna abu biyu, ƙwarewar jiki da armashin rawa, ya kuma rubuta sharhi. A Lozan alƙalai tara ne, suna tare da yaran kusan mako guda, kuma suna auna abu huɗu: ajin bale, ajin rawar zamani, rawar bale a dandamali, da rawar zamani a dandamali. Masu gasar sun sha faɗa cewa abin da suke nema shi ne inda yaro zai iya kaiwa, ba inda ya tsaya a yau kaɗai ba. Wanda ya riƙe wannan magana, sauran amsoshin nan ba za su ba shi mamaki ba.

Me ake nufi da ƙwarewar jiki? Ni dai na ga duk suna ɗaga ƙafa.

Ɗaga ƙafa shi ne abin da ido ke fara gani, amma yana cikin na ƙarshe da alƙali ke dubawa. Farko yana duban buɗewar ƙafa. A bale ƙafafu kan juya waje, kuma daga ƙugu juyawar ke tasowa. Yaron da ƙugunsa bai buɗe ba yakan yi dabara ya murɗe tafin ƙafarsa kawai. Da ya rusuna asirinsa ya tonu: gwiwa ta nufi gaba, yatsu sun nufi gefe, tafin ya kife ciki. Alƙali zai rage maki nan take, ba don munin gani kaɗai ba, don ya san gwiwar nan ba za ta kai shekara ashirin lafiya ba. Na biyu tsayuwa: kafaɗu a sauke, wuya a miƙe, haƙarƙari ba a turo shi gaba ba, ƙugu bai karkace don a ƙara wa ƙafa tsawo ba. Na uku tafin ƙafa, wanda dole ya miƙe tsaf duk lokacin da ya bar ƙasa, ba ya lanƙwashe ciki ba.

A tsalle, saukar ake saurara. Yatsu ne ke fara taɓa ƙasa, sai tsakiyar tafi, sai diddige, gwiwa ta karɓi nauyin. Wanda aka ji "dim" ɗinsa daga kujerar baya, ko ya kai rufi, an rage masa. A juyi kuwa ana duban kai, yadda ido ke kafe wuri ɗaya har sai jiki ya kusa zagayowa sannan kai ya wulga ya riga shi komawa, da kuma yadda aka tsaya. Juyin da aka ƙare da tangaɗi ko da ɗan tsalle-tsalle na neman tsayuwa bai kammalu ba.

Sai abin da iyaye ba su taɓa lura da shi ba, wato ƙananan takun da ke tsakanin manyan. Mai sayen babbar riga da ya san ɗinki ba aikin wuya yake tsayawa kallo ba, juya rigar yake yi ya duba ciki. Alƙali ma haka: 'yan takun nan uku da yarinya ke yi kafin ta tashi sama, da yadda ta rufe ƙafafunta bayan ta sauka, su ne ke gaya masa irin koyarwar da ta samu.

To shi armashin fa, da me ake auna shi? Ba ra'ayin alƙali ba ne kawai?

Akwai ra'ayi a ciki, ba a musu. Amma yawancinsa abu ne da ake iya nunawa da yatsa. Babba a ciki shi ne kiɗa. Akwai yaron da ke ƙirga kiɗa a ransa, ɗaya biyu uku, yana cika kowane taku a kan lokaci, kuma ba laifi ya yi ba. Akwai kuma wanda ke jin kiɗan: inda sautin ya ja, hannunsa ya ja tare da shi har ƙarshe, inda ya katse, shi ma ya katse. Na biyun ne ke tafiya da maki. Sai amfani da kai da kafaɗa da ido. Yarinyar da ƙafafunta ke aiki amma idonta na ƙasa, ko yana neman inda mahaifiyarta ta zauna, ta bar rabin rawar a gida.

Sai sanin wace ce ake takawa. Kitri ta Don Quixote 'yar mai masauki ce a Sifen, mai rawar kai da tsiwa. Aurora ta Sleeping Beauty gimbiya ce 'yar shekara 16 da ta taso a fada, komai nata a natse. Giselle, ta wasan 1841, 'yar ƙauye ce mai raunin zuciya. Idan yarinya ta yi wa ukun nan murmushi iri ɗaya, irin na ɗaukar hoto, alƙali ya gane haddar taku ta yi, ba wanda ya zaunar da ita ya ba ta labarin. Wannan ma gyara ne da uwa za ta iya yi a falo ba tare da ta san ko taku ɗaya ba: ta nemi labarin wasan, su karanta tare.

Abin da ke ɓata armashi shi ne ƙari. Zare ido, buɗe baki, karya wuya fiye da kima, duk alƙalai sun gaji da su. Kuma awo yana farawa tun daga yadda yaro ya shigo dandamali kafin a saki kiɗa, bai ƙarewa sai ya gaida jama'a ya fita.

'Yata ta yi juyi biyar, wadda ta yi biyu ta fi ta maki. Wannan ba zalunci ba ne?

Hajiya, a yi haƙuri, mai yiwuwa ba zalunci ba ne. Idan kiɗan wurin na juyi biyu ne, wadda ta yi biyar ta makara, ta shiga taku na gaba a guje. Idan kuma a na huɗu diddigenta ya fara sauka, kafaɗarta ta ɗage, to juyi uku masu kyau ta yi da biyu marasa kyau, kuma marasa kyan ne suka rage a idon alƙali. Biyu da aka fara a natse aka ƙare cak sun fi. 'Yan kallo kan yi tafi ga yawa, alƙalai kan ba da maki ga tsabta, shi ya sa sau da yawa tafin zaure da sakamako ba su jituwa. Juyi 32 ɗin nan da ake yawo da su a waya, na wasan Swan Lake, aikin manyan ƙwararru ne, ba ma'aunin 'yar shekara 12 ba. A koma amsar da ta yi bayanin ƙwarewar jiki a duba batun tsayawa bayan juyi.

Idan yaro ya zame ya faɗi, shi ke nan ya fita?

Ba lallai ba. Za a rage masa, amma alƙalai duk sun taɓa faɗuwa a gaban jama'a, sun san dandamali da santsi. Abin da suke jira su gani shi ne daƙiƙa biyar da ke biye: ya tashi ya kamo kiɗan a inda yake, ko ya tsaya yana waige? Wanda ya tashi ya ci gaba da fuskarsa a sake ya nuna musu abin da ba a koyarwa a aji. A gasar da ke ba aji maki, faɗuwa ɗaya ba ta rushe aikin mako guda.

Me ya sa ake ba da maki a aji? Ai ba wasa ba ne.

Domin rawar dandamali ana iya shekara ana goge ta. Yaro mai matsakaicin hali, idan aka tsare shi a kan rawa ɗaya wata goma, zai fito da ita sumul. Aji kuwa ba ya ɓoye kowa. Malamin da yaro bai taɓa gani ba zai nuna jerin taku sau ɗaya ko biyu, a saki kiɗa, kowa da lambarsa a ƙirji. Nan ake ganin mai saurin ɗauka, da wanda hagunsa ta yi daidai da damansa, da wanda aka yi wa gyara ranar Litinin ya zo da shi a gyare ranar Talata. Ana ganin hali ma: mai ture 'yan'uwa don ya tsaya gaba, da mai ɓata rai in an gyara shi.

A ganina wannan ne sashen da ya fi yi wa yaran Legas adalci, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Malamar da ta dakatar da darasin yau da kullum wata uku don a goge rawar gasa ta cuci yaran, ko da sun dawo da kofi.

Wa ke zaɓar rawar da yaro zai yi?

Malami ne, tare da yaron, daga jerin da gasa ta fitar wa rukuninsa. Ba uwa ba, ba kuma abin da aka gani a TikTok ba. Zaɓi mai kyau shi ne wanda yaro zai iya yi da tsabta ko a ranar da bai jin daɗin jikinsa. Alƙalai kan rage maki idan an ɗora wa ƙaramar yarinya rawar da ta fi ƙarfinta, ko wadda ma'anarta ta manyan mata ce. Akwai kuma salon makarantu: na Vaganova daga Rasha, na Cecchetti daga Italiya, na Bournonville daga Denmak, na Ingila da na Faransa. Ba a fifita wani a kan wani, amma ana so a ga yaro ya tsaya a kan guda, ba hannu na Rasha ƙafa ta wani wuri ba.

Yaushe yarinya za ta fara hawa takalmin ɗage, wanda ake tsayawa da shi a kan ƙarshen yatsu? Ana ƙara maki saboda shi?

Ba a ƙara maki don an hau shi, ana ragewa idan an hau shi ba a shirya ba. Yawancin malamai ba su yarda da shi kafin shekara 11 ko 12, kuma sai bayan shekaru na horo a kai a kai, saboda ƙasusuwan ƙafa ba su gama ƙwari ba. Alamar rashin shiri a fili take: gwiwa ba ta miƙe ba, yarinya ba ta hau kan takalmin sosai ba, tana rataye a bayansa. 'Yar shekara 10 da takalmi mai laushi, tana aiki da tafin ƙafarta yadda ya kamata, ta fi ta maki.

Takalmin kansa da yadi da gam ake yin bakinsa, ba katako ba ne kamar yadda wasu ke zato. Zafi da damshin Legas na saurin kashe shi, don haka a riƙa fito da shi daga jaka ya sha iska bayan kowane darasi. Kada a saya na gwanjo, domin ya riga ya karye daidai ƙafar wata. Kada kuma a saya da girma wai don ta girma a ciki. Wanda ya san aikin ne ke gwada shi a ƙafa.

Gaskiya ne sai sirara masu dogayen ƙafafu ke ci? Launin fata fa?

Ƙirar jiki na cikin abin da manyan makarantu ke dubawa, ɓoye wannan yaudara ce. Suna duban buɗewar ƙugu, laushin baya, lanƙwasar tafin ƙafa da daidaiton gaɓoɓi. Amma rama ba maki ba ce. Gasar Lozan na karɓar bayanan lafiyar kowane yaro kafin a bar shi ya taka, saboda an san illar hana yara abinci a wannan sana'a. Duk malamin da ya ce a rage wa yarinya mai tasowa abinci don gasa, a nemi likita kafin a saurare shi.

Batun fata kuwa, bale ta daɗe tana nuna wariya, kuma ba a gama wanke ta ba. Sai a 2015 Misty Copeland ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matsayin ƙoli a kamfanin American Ballet Theatre, ita da ba ta fara koyo ba sai tana shekara 13. Michaela DePrince, marainiyar yaƙin Saliyo, ta gasar Amurka ta samu gurbin karatu, ta yi rawa a Holan da Boston kafin rasuwarta a 2024. Precious Adams, baƙar Ba'amurkiya, ta ci kyauta a Lozan a 2014. Shekaru da yawa baƙaƙen 'yan rawa da hodar kwalliya suke rina takalmansu don su dace da fatarsu, a 2018 kuma kamfanin Freed na Landan ya fitar da masu ruwan ƙasa. Yau gasanni da yawa sun yarda da safa da takalmi kalar fatar yaro, kuma hakan na ƙara wa ƙafa tsawo a ido. A duba dokar gasar tukuna.

Yaron nan na Legas da ya yi rawa cikin ruwan sama, ba bidiyo kawai ya kai shi Turai ba?

Bidiyo ya buɗe ƙofa, amma ba ruwan saman aka ba gurbi ba. Anthony Madu yana shekara 11 a 2020 lokacin da aka ɗauke shi yana juyi ba takalmi a kan siminti. A lokacin ɗalibi ne a Leap of Dance Academy da ke Ajangbadi a yankin Ojo, makarantar da Daniel Ajala ya buɗe a 2017 yana koyar da yaran unguwa kyauta. Mu mun ga ruwa da siminti, masana kuwa sun ga miƙewar ƙafarsa, da daidaiton kafaɗunsa, da yadda ya riƙe kansa, wato abubuwan da aka lissafa a amsar ƙwarewar jiki. Daga baya ya tafi makarantar Elmhurst a Birmingham, inda aka ci gaba da auna shi a aji kamar kowa. Kada wani ya fitar da ɗansa tsakar gida da damina yana jiran irin wannan. Siminti ma ba wurin tsalle ba ne, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Za mu aika bidiyon neman shiga. Me alƙalai ke son gani a ciki?

Jiki gaba ɗaya, daga kai har yatsun ƙafa, a kowane lokaci. A kwantar da waya a kafa ta wuri ɗaya daidai tsayin ƙugu, kada wani ya riƙe yana bin yaro. Bango ya zama fili, kayan yaro su bambanta da launinsa, haske ya fito daga bayan mai ɗauka. Ba a yanka bidiyo a tsakiyar rawa, ba a rage gudunsa, ba a saka masa ado. A bi jerin abin da gasa ta nema daidai, domin wanda ya tsallake abu ɗaya ana iya ajiye nasa ba a kalla ba. A ɗauka da safe kafin zafi, kuma a lura da ƙarar janareta: idan ta danne kiɗan, alƙali ba zai iya auna ko yaro na tare da kiɗa ba. Kada a bari sai daren rufewa a fara lodawa, kowa ya san halin intanet ɗinmu.

Sai daɓe. Tayil na da santsi, siminti ba ya sassauta wa gaɓa, kuma tsalle a kansu kullum shi ke kawo ciwon ƙwauri da na gwiwa. Daɓen rawa na katako ne mai ɗan motsi a ƙasa, da shimfiɗar roba a sama. Ko da a gida ake atisaye, ranar ɗauka a yi hayar ɗakin rawa na awa biyu. Yaron da ke tsoron zamewa ba ya sakin jiki, kuma tsoron na fitowa a bidiyo.

Batun sutura da cuɗanya da maza fa? Mu gidan Musulmi ne.

Wannan hukuncin gida ne da malaman addini, ba na alƙalan gasa ba, kuma ba wanda ya isa ya yanke wa wani. Abin da za a iya yi a nan shi ne a faɗi yadda abin yake. Kayan aji matsattsu ne domin malami ya ga gwiwa da ƙugu, kuma manyan gasanni na da dokar sutura da ba su cika sassautawa ba. Wasu rawoyin, kamar ta Giselle, da siket mai sauka ƙasa da gwiwa ake yin su. Rawar mutum ɗaya ba ta buƙatar namiji ya riƙe mace. A Lozan kowa shi kaɗai yake takawa, a gasar Amurka kuma rawar mutum biyu rukuni ne daban da ba dole a shiga ba.

Amma Alhaji ya sani tun yanzu: wadda za ta mai da bale sana'a ba makawa za ta yi rawa da abokin rawa namiji, domin haka wasannin suke. Gidaje da yawa kan bar yarinya ta yi a ƙuruciya don lafiyar jiki da natsuwa, a tsaya a nan. Gara a zauna a yi wannan magana tun tana shekara takwas da a bari sai an ba ta gurbi a ƙasar waje.

Da ma'auni ɗaya ake auna maza?

Tushen ɗaya ne, amma rukuninsu daban. Maza ba su hawa takalmin ɗage. A wurinsu an fi duban tsayin tsalle, juyi a sama da taushin sauka. Da yake sun fi mata ƙaranci a ko'ina, makarantu na neman su ido rufe.

Me ake ci? Kuma yaya za mu gane gasar gaskiya da ta neman kuɗi?

A manyan gasanni babbar kyauta gurbin karatu ce. Waɗanda suka yi nasara a Lozan, galibi ba su kai goma ba, kan samu shekara guda a makaranta ko kamfanin da ke ƙawance da gasar, irin su Royal Ballet School ta Landan. Waɗanda ba su kai zagayen ƙarshe ba ma ana shirya musu aji a gaban shugabannin makarantu, kuma da yawa daga nan ake ɗaukarsu. Kuɗin shiga, kaya, jirgi da masauki kuwa da kuɗin waje ne, ga biza da ke son a nema da wuri. A yi lissafi da malami kafin a sa wa yaro rai.

A cikin gari kuwa a yi tambaya huɗu kafin a biya. Su wane ne alƙalan, kuma ina suka yi rawa ko koyarwa? An rubuta ma'aunin maki an raba wa kowa? Za a ba yaro sharhi a rubuce? Wane irin daɓe ne a zauren? Akwai tarukan da ake kama zauren otal, a karɓi kuɗin fom da na tikitin iyaye, kowane yaro ya koma gida da kofi, alƙalin kuma shi ne mai makarantar da ta zo ta ɗaya. Ba laifi a je don nishaɗi, amma kada a ɗauki sakamakonsu a matsayin awo.

An ba mu takardar maki. Yaya za mu yi amfani da ita?

A bar jimillar, a karanta sharhin. Maki 85 a wannan gasa ba ɗaya yake da 85 a waccan ba, don haka kwatanta lambobi ɓata lokaci ne. A jera takardun alƙalan a nemi abin da biyu ko uku suka maimaita. Idan mutum ɗaya ne ya ce hannu ya yi tauri, wataƙila salon makarantarsa ne. Idan uku suka faɗa, aikin wata shida masu zuwa ke nan. Idan makin ƙwarewa ya fi na armashi nesa, yaron na buƙatar sauraron kiɗa da kallon manyan 'yan rawa, kuma gasar Lozan kan saka darussanta da zagayen ƙarshe a YouTube kyauta. Idan armashi ne ya yi sama, a koma aji a ƙara kwanakin horo.

Kada a buɗe takardar a mota a kan hanyar komawa gida, yaro na gajiye ga cunkoson gadar Third Mainland. A bari kwana biyu, a kai wa malaminsa, su karanta tare, malamin ya zaɓi gyara biyu kacal da za a fara da su.